Abin da Na Gani a Ramin Kamfani

Yasar rijiya ita ce sana'ata. Ubana ya yi, ni ma na yi. Daga ƙauyenmu a ƙasar Faskari har Mabai da Kankara, har gefen Sabuwa, ba inda ban shiga rijiya ba. Sau biyu ƙasa ta rufta mini. Na biyun a Mabai ne, ta kama ni har ƙirji, da fartanya aka tono ni. Na kwanta wata guda, na tashi na koma. Ban iya wani abu ba.

Aikin ba na ido ba ne. Ƙasan rijiya duhu ne, ruwan kuma da ka taɓa shi ya dame ya zama kamar kunu. Rufe ido kake yi ka laluba da hannu. Guga da ta tsinke, mushen kaza, laka. Ka cika kwando, ka girgiza igiya, na sama ya ja. Na saman nan taubashina ne, ɗan kawuna. Tun muna samari shi ke riƙe mini igiya. Bai iya ruwa ba, bai kuma iya shiru ba. Duk ranar da zan sauka sai ya leƙo ya ce, "Bawana, in ka mutu can ƙasa, takalmanka nawa ne." Ni kuma in ce ya riƙe igiya ya rufe baki.

A wajenmu ba a shan sabon ruwa sai mai yasa ya shiga ya taɓa ƙasansa, ya fito ya ce a sha. Haka muka taras. In ya ce kar a sha, an gama magana. Mutane sun yarda da bakina. Ba don na fi kowa tsoron Allah ba, don dai ba na yawan buɗe shi ne.

Shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, mu ba kuɗin muka fara gani ba, katafila muka gani. Wani kamfanin hanya ya zo ya kafa a bayan gari, wajen babban dutsen da muke shanya dawa a kansa. Suka riƙa fasa shi da nakiya, suna niƙa shi tsakuwa, tifa na kwasa. Ƙarar har cikin haƙori. Da suka gama kwalta suka naɗe kayansu suka tafi, suka bar mana rami mai faɗin gona guda, dutse ƙasa, dutse gefe. Gefe ɗaya ne kawai mai gangare, inda motoci ke sauka.

Damina ta cika shi. Ba wanda ya kula, don lokacin ruwa na ko'ina. Sai da bazara ta shigo. Fari bai daɗe da wucewa ba, rijiyoyinmu ba su farfaɗo ba. Na yashe ta masallaci, na yashe ta ƙofar gari, na ƙara musu zurfi, abin da suke tarawa kafin hantsi bai fi tulu biyar ba. Ramin kamfani kuwa yana nan cike, kamar ba a shiga rani ba.

Ban taɓa ganin ruwa irinsa ba. Namu ko dai ja ne, ko fari kamar koko. Wannan kana tsaye a baki kana ganin duwatsun ƙasansa.

Mai unguwa ya aiko na je. Tsoho ne, abokin ubana, Baba nake ce masa.

Ya ce, "Ka ga halin da ake ciki. Ka shiga ramin nan ka duba mana. Kar a ce mutanen nan sun bar nakiya ko wata guba a ciki."

Na ce, "To, Baba."

Washegari da hantsi muka je. Mai unguwa da wasu magidanta suka zauna can sama a kan dutse. Ba iska ko kaɗan, ruwan kwance kamar an shimfiɗa shi. Na ɗaura igiya a ƙugu, taubashina ya kama bakinta ya tsaya a tudu. Na bi gangare na shiga, ruwa ya kai ƙirji, na ja numfashi na nutsa.

Da ido rufe na fara, kamar kullum. Sai na ga haske na ratsa fatar idona. Na buɗe. Tun da nake ban taɓa buɗe ido a cikin ruwa ba sai ranar. Ana gani, ba tas ba, dishi-dishi, kamar mai kallo ta cikin hawaye. Na ga hannuna. Na ga ƙasa. Na yi gaba ina bin dutse.

Igiyata ta rijiya ce, ramin kuwa ya fi ta faɗi. Na ji ta ɗaure, sannan na ji ta saki. Na juyo in ga me ya sake ta.

Can wajen gangare wani abu na tsaye a cikin ruwa. Ƙafafu biyu a ƙasa, irin na mutum. Daga ƙugu zuwa sama, inda ya kamata a ce ƙirji da kai suke, wasu ƙafafun ne biyu, tafinsu na kallon sama, kamar suna taka wata ƙasar da ke rataye a bisa. Ba kai. Ba hannu. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ta ƙasa, ta sama ma ta motsa. Yana matsowa.

Ƙasa ta taɓa binne ni ban yi ihu ba. Ranar na buɗe baki a cikin ruwa. Na sha, na shaƙe, na runtse ido na yi ta harbin ruwa. Taubashina ya ja igiya har na ji hannunsa a wuyana. Ashe da igiya ta ƙare, shi ne ya tuɓe riga ya shigo har ƙirji don ya ƙara mini tsawo. Ban haɗa wannan da wancan ba. Ba wanda ya haɗa.

Ya ce, "Mi ne ne? Maciji?"

Na ce, "Akwai abu."

"Ina?"

"Nan inda kake tsaye."

Ya riga ni fita. Igiyar ma yar da ita ya yi.

Muka hau wurin mai unguwa. Na faɗi abin da na gani, ban ƙara ba, ban rage ba. Wani ya tambaya ƙafar mutum ce ko ta dabba, na ce ta mutum.

Mai unguwa ya ce, "A sha?"

Na ce, "Kar a sha."

Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci. Nakiyar kamfani ta rushe gidan mutanen ɓoye, sun koma cikin ruwa da zama. Liman ya yi addu'a, ya ce shi bai ga abin da na gani ba, ba zai ce eh ko a'a ba. Aka sari ƙaya aka toshe gangaren.

Daga nan wahala ta kama. Sai an yi tafiya mai nisa zuwa ƙorama, a tona yashi har kafaɗa, a jira ruwa ya tsattsafo, a kwasa da ƙoƙo. Masu jaki sun ji sauƙi. Marasa jaki, kansu. Ka fita da asuba, ka dawo rana ta take da garwa biyu, rabi ya zube a hanya. Shanu suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Fulanin da ke zaune kusa da mu suka tashi suka yi kudu, wajen Sabuwa. Hanyar zuwa ƙoramar kuma ta gefen ramin ta bi. Kullum mu wuce shi da ƙishi, yana ƙyalli, mu kau da kai.

Sabuwar kwaltar ta kawo wani abu kuma. Mota ta samu. Ana cewa a Kaduna ko leburanci ka yi za ka ci ka sha, famfo a bakin titi. Gida ɗaya ya kwashe ya tafi, sai na biyu, sai na uku. Rannan taubashina ya zo ya tsuguna a ƙofar gidana. Bai kira ni bawa ba, a nan na san da magana.

Ya ce, "Juma'a mai zuwa zan bi motar kasuwa. Da iyali duka."

Na ce, "Gonar fa?"

"Gona ba ta shan hawaye. Yara biyu na zawo. Ka zo mu tafi."

Na ce ba ni zuwa. Ya tashi ya kakkaɓe wando. In ya tafi, na san sauran 'yan uwa binsa za su yi. Garin ba zai kai damina da mutane ba.

Kwana biyu bayan haka ruwan ƙorama ya kayar da ni. Ciki da zazzaɓi. Na kwanta a tabarma a ƙasa, a ɗakin mai ɗakina, don ya fi sanyi.

Tana da tambulan na gilashi guda shida a cikin jerenta. Yayanta ya kawo mata daga Funtuwa shekarar da auduga ta yi kyau. Ba a shan komai da su, goge su kawai take yi ta mayar. Ranar ta ɗauko ɗaya. Ta ce mai magani ya ce a ga jiƙon da ido, in ya yi kauri a ƙara ruwa. Ta tace ruwa da tsumma har ya yi haske, ta zuba, ta sa cokali a ciki, ta ɗora a kan taga. Ta fita ɗauko garin maganin.

Ina kwance, tambulan na sama da ni, rana na dukansa ta baya. Ba abin da nake yi sai kallo. Daga inda nake, ta gefen gilashin, ƙarƙashin fuskar ruwan nake gani, ba samanta ba. Tana walƙiya kamar sabon kwano. Cokalin kuma kai biyu gare shi. Ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama a kife, sun haɗu a tsakiya. Mariƙin babu.

Na ɗauka zazzaɓi ne. Na tashi zaune, cokali ya koma cokali, da mariƙinsa a waje. Na koma na kwanta, kai biyu. Na yi haka sau uku.

Ta shigo ta same ni ina tashi ina kwanciya.

Ta ce, "Malam, jikin ne?"

Na ce, "Cire cokalin nan. Sa yatsunki biyu a ciki."

"A ruwan maganin?"

"Sa dai."

Ta sa. Na ga yatsu huɗu, biyu na kallon ƙasa, biyu na kallon sama. Ba hannu.

Na ce, "Motsa ɗaya."

Ta motsa. Na saman ma ya motsa.

Sannan na ce ta zo ta kwanta inda nake, ni na sa nawa yatsun. Ta kalla, ta kalle ni, ta sake kallon tambulan. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata.

Ta ce, "Wa ya shiga ruwan bayanka ranar?"

Na faɗa mata.

"Har ina?"

"Har ƙirji."

Ta tashi ta gyara ɗankwali. Ta ce, "To sai ka je ka faɗa musu."

Na ce, "Na riga na ce na gani."

"Ai ka gani. Sanin abin da ka gani ne ba ka yi ba."

Wannan ya fi ciwon cikin zafi. Wata biyu mutane na wahala a kan kalma uku da suka fito daga bakina. An yi asarar dabbobi. An rufe gidaje. In na yi shiru ba wanda zai taɓa sani, ni ne mai yasa, ba mai shiga ya duba bayana. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye ba. Na yi shi har maganin ya jiƙu a hannuna. Na shanye, na ce ta ba ni aron tambulan.

Ta ce, "In ka fasa shi, kar ka dawo."

Ran Laraba ƙafata ta ɗauke ni. Na sami taubashina yana ɗaure tukwane a cikin buhu. Na ce ya kwanta a ƙasa.

Ya ce, "Zazzaɓin ya hau kai ke nan."

"Kwanta."

Ya kwanta yana mita. Na zuba ruwa a tambulan, na riƙe sama da shi, wajen haske, na sa yatsu biyu. Ya yi shiru. Ban taɓa jin ya yi shiru mai tsawon wannan ba.

Ya ce, "Huɗu."

Na ce, "Har ina ka shiga ranar?"

Ya tashi zaune a hankali. Ya dubi ƙafafunsa. Ya ce, "Kana nufin ni ne aljanin?"

"Kai ne."

"Ni na gudu daga kaina, har na bar takalmi ɗaya a can?"

Ya fara dariya, ya kwanta ya riƙe ciki, har matarsa ta leƙo daga ɗaki. Sai ya tsaya. Ya ce, "Tambulan daban, rami daban. In ka yi kuskure karo na biyu fa?"

Na ce, "Shi ya sa na zo. Za ka sake shiga."

"Ni? Allah ya kiyaye."

"Ka tsaya inda ka tsaya. Ka ƙirga goma, ka ɗaga ƙafar dama. Ka sauke, ka ɗaga ta hagu."

"In wani abu ya kama ta fa?"

"Sai in gaji takalmin da ya rage."

Ya harare ni. Ya ce, "Bawa ya yi baki." Ya ɗauko igiya.

Ba mu gaya wa kowa ba. Muka janye ƙaya muka sauka. Ruwan ya ɗan ja baya, amma kaɗan. Na tsaya a baki. Sanin abu a ɗaki daban ne da shiga wurinsa. Na yi bisimilla na nutsa, na yi nisa, na juyo, na buɗe ido.

Yana nan. Ƙafa huɗu, ba kai. Jikina ya ce in gudu. Na kama wani dutse na riƙe.

Ƙafar dama ta ɗaga, ta sama ta sauko ta tarye ta. Ta hagu ta ɗaga, haka. Sai abin ya fara rawa. Wannan ba ya cikin abin da muka shirya. Yana tsalle yana karkaɗa ƙugu irin rawar da yake yi a gidan biki, ƙafa huɗu na watsuwa. Na sake shan ruwa, wannan karon da dariya.

Na fito na huta, na koma. Na shiga ya fi sau goma ranar. Da tsoro ya tafi sai ido ya samu wurin aiki. Na kwanta rigingine a ƙasan ruwa na dubi sama. Daidai bisa kaina akwai wata da'ira mai haske, kamar bakin rijiya in kana ƙasa. Ta cikinta ana ganin sararin sama, da bakin dutse, da wani ɗan guntun abu a gefe da na gane kan taubashina ne da kafaɗunsa, a matse, can daban da ƙafafunsa. Daga da'irar nan zuwa waje kuwa ba a ganin sama sam. Madubi ne. Duk abin da ke ƙasan ramin yana nan a jikinsa a kife, duwatsu, tsohuwar taya, igiyata. In na matsa, da'irar ta bi ni. In aka motsa ruwan, madubin ya farfashe, in ya kwanta ya haɗe.

Madubin kasuwa fenti ne a bayansa. Wannan ba komai a bayansa sai iska, ya kuma fi na kasuwa kyau. Bayan shekaru na ba wani malamin makaranta labarin a Kankara. Ya ce haske ne. In ya taso daga cikin ruwa a miƙe, yana fita. In ya zo a karkace sosai, ba ya iya ƙetarawa zuwa iska, sai ya koma ciki gaba ɗayansa, ko kaɗan ba ya tsira. Na ce kamar faffaɗan dutse, in ka jefa shi a miƙe ya shige ruwa, in ka wurga shi a kwance ya yi tsalle ya dawo. Ya ce kusan haka, sai dai wannan daga ciki ne. Ya ce an daɗe da sanin abin, yana cikin littafi. Na ce a garinmu dai sai da aka sha wuya.

Na gama aikin da aka aike ni tun farko. Na bi ƙasan ramin kusurwa-kusurwa. Taya biyu, guntayen ƙarfe, wata tsohuwar garwa. Ba nakiya, ba mushe. A gefen gabas na ji sanyi na bugun hannuna daga wata tsaga. Idon ruwa ne. Nakiyar ta buɗe shi. Shi ya sa ramin ba ya ƙafewa.

Bayan azahar muka tafi ƙofar mai unguwa. Magidanta na zaune a inuwa. Na gaishe su, na tsuguna, na ajiye tambulan a gabana.

Na ce, "Baba, maganar da na yi a kan ramin kamfani, kuskure na yi. Ba kowa a ciki. Wannan na gani." Na nuna taubashina.

Taubashina ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. A kawo mini baƙin bunsuru in bar muku ruwan."

Ba wanda ya yi dariya. Mai unguwa ya ce, "Yi bayani."

Na ce bayanin ba na baki ba ne, sai an kwanta. Aka dubi juna. Dattijo ba ya kwanciya a ƙasa a gaban jama'a. Tsohon ya dube ni ya daɗe, sannan ya cire hula ya miƙa wa na kusa da shi, ya zame daga kan buzu ya kishingiɗa. Na ɗaga tambulan wajen rana na sa yatsu.

Ya ce, "Matso da shi. Ɗaga kaɗan." Sai ya ce, "Ikon Allah. Cire ɗaya." Na cire. Ya ce, "Saura biyu."

Liman ya karɓi wurin, bayansa wani, bayansa wani. Hannuna ya gaji, taubashina ya karɓa, yana ce wa kowa ya yi sallama kafin ya leƙa. Dariya ta fara fitowa kaɗan-kaɗan.

Mutum ɗaya bai kwanta ba. Maƙwabcina ne ta yamma, mai shanu. Ya bari aka gama, sannan ya ce, "Saniyata biyu sun mutu a hanyar ƙorama. A kan maganarka."

Na ce, "Haka ne."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Ba ni da wani. Ka yafe mini in za ka iya."

Ya ce, "Wanda ya yi kuskure jiya, mi zai hana shi yi yau?"

Na ce, "Ba abin da zai hana. Jiya sau ɗaya na duba na gudu. Yau na duba sau goma. Wanda ya iya nutso ya zo in kai shi ya gani da idonsa."

Mai unguwa ya mayar da hularsa. Ya ce, "Ni ban iya nutso ba, ba kuma yanzu zan koya ba. Ubanka bai taɓa dawowa ya ce mini ya yi kuskure ba, kuma ya yi, na sani. Tambaya ɗaya ce. A sha?"

Na ce, "A sha."

"To mu je ka fara."

Muka ɗunguma. Labari ya riga mu, mata na leƙe ta kan danga. A bakin gangare na shiga har gwiwa, na kamfata da hannu biyu na sha, na ƙara. Mai unguwa ya sa aka ɗebo masa a ƙwarya. Ya sha, ya kuskure baki, ya yi alwala da sauran. Liman ya yi addu'a, wannan karon doguwa. Wasu samari biyu da suka iya ruwa suka tuɓe suka faɗa, taubashina ya koma ya tsaya musu har ƙirji. Suka fito suna tari suna rantsuwa. Kafin rana ta faɗi an kwashe ƙayar, an ware gefen mutane da gefen dabbobi, an ce ba wanki a ciki.

Ba kowa ya sha ranar ba. Wasu tsofaffi sun ƙara mako suna aikawa ƙorama, har jikokinsu suka gaji suka riƙa ɗebo na ramin suna cewa na ƙorama ne. Cikin gidajen da suka tafi, ɗaya ya dawo da damina. Biyu ba su dawo ba har yau. Wannan yana wuyana, na sani.

Ran Juma'a motar kasuwa ta tsaya a bakin kwalta tana oda. Taubashina ya fita da hannu biyu ba kaya. Na bi shi. Direban ya leƙo ya ce, "Ina iyalin? Ina kayan?"

Ya ce, "An fasa. In za ka dawo ka taho mini da irin albasa da na tumatir daga Funtuwa."

"A wannan ranin? Da mi za ka ba su ruwa?"

"Kai dai kawo."

Motar ta tashi. Muka juyo ta bayan gari don ya nuna mini inda yake so ya yi lambun, wani fili a gindin dutse, kusa da gangaren. Maƙwabcina mai shanu na can yana shayar da abin da ya rage masa. Na yi masa sallama. Bai amsa ba. Wata karsana ta ƙi sauka, tana ja da baya, shi kaɗai ya kasa da ita. Na je na kama ta ta ɗaya gefen. Bai ce in bari ba. Muka tura ta tare har bakinta ya taɓa ruwa, ta sa kai ta fara sha.